Buhu nawa aka rasa? Yadda za ka zaɓi hanyar lissafin asara idan masana'anta ta tsaya

Da asubahin Litinin, 21 ga Oktoba 2024, layin wutar lantarki na Ugwuaji a jihar Enugu zuwa Apir a jihar Binuwai ya faɗi. Da ma an riga an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, a dajin da injiniyoyin TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan wutar ƙasa, ba sa iya shiga sai da rakiyar jami'an tsaro, saboda haka da wannan na biyun ya tafi sai yawancin Arewa ta shiga duhu. An haura mako guda kafin wuta ta fara leƙowa, kuma ko da ta dawo ba da ƙarfinta ta dawo ba. A Sharaɗa da Bompai da Challawa, unguwannin masana'antu na Kano, mai janareto ya ƙona gas har ya gaji, wanda ba zai iya ba ya sallami ma'aikata ya kulle get.

Da hankali ya fara kwanciya sai aka koma kan tambaya guda: nawa aka yi asara? Ka tambayi mai kamfani ya faɗa maka wata lamba, akantansa ya kawo wata, manajan bankin da ke bin su bashi ya ce duka biyun bai gamsu ba. Ba lallai ne wani cikinsu ya shara ƙarya ba. Kayan da ba a sarrafa ba babu su a sito balle a je a ƙirga, dole sai an kwatanta abin da aka samu da abin da da an samu in da aiki bai tsaya ba. Wannan na biyun kuwa hasashe ne, kuma kowace hanyar lissafi da irin hasashen da take yi. Shi ya sa kafin ka ɗauki kwakuleta ya kamata ka san wa za ka miƙa wa lambar, da kuma abin da kake so ya yi da ita.

Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ƙaddara wani kamfanin casar shinkafa. Lambobin da ke tafe duk na misali ne, na zaɓe su ne don lissafi ya yi sauƙi. A jikin injin an rubuta yana iya fitar da buhu 2,000 mai kilo 50 a rana. A zahiri abin da ake fitarwa a kan ƙiyasi buhu 1,200 ne. Wuta ta ɗauke kwana 10 na aiki, aka lallaɓa da janareto ana samun buhu 400 kullum. Da wuta ta dawo sai da aka yi kwana 6 ana yin buhu 800 kafin a koma daidai. Daga nan aka ƙara aikin dare, aka yi kwana 20 ana fitar da 1,350. Ranar da wutar ta ɗauke akwai buhu 4,000 a sito. Ana sayar da buhu naira 80,000, kuma abin da kowane buhu ke ci na shanshera da wuta da buhun zubawa da kuɗin dako ya kai naira 70,000.

Hanya ta farko ita ce wadda baki ya fi saurin kaiwa gare ta: ƙarfin inji sau kwanakin da aka tsaya. Buhu 2,000 sau 10, buhu 20,000 ke nan. A buga da naira 80,000, an samu biliyan 1 da miliyan 600. Cikin minti ɗaya an gama, ba a buɗe ko da littafi ɗaya ba, kuma lamba ce mai cika baki a gaban 'yan jarida.

Amma lissafin dokin Rano ne. Injin bai taɓa yin 2,000 ba sai ranar da waɗanda suka kafa shi suka gwada. Lambar da ke jikinsa ta injin casa ce kaɗai, alhali shinkafa sai ta bi ta jiƙo da turara da busarwa kafin ta iso wurinsa, kuma a kamfanoni da yawa na'urar busarwa ce maƙogwaron aikin: abin da ta haɗiye shi ne abin da zai fita. Sannan lissafin ya manta da buhu 400 da aka riƙa samu da janareto. Mafi muni, ya ƙirga kuɗin sayarwa gaba ɗaya a matsayin asara, bayan shansherar da ba a casa ba tana nan a jibge, ba ta je ko'ina ba. Wanda bai sayar da buhun naira 80,000 ba, bai kuma kashe 70,000 ɗin da buhun zai ci ba. Abin da ya kuɓuce masa naira 10,000 ce, wadda daga cikinta ake biyan albashi da haya da bashin banki, sauran ya zama riba.

Duk da haka ba zan ce a jefar da wannan hanyar kwata-kwata ba. Tana da rana ɗaya: ranar farko, lokacin da ake shawarar ko a ɗauko hayar babban janareto ko a jira. A nan abin da ake buƙata shi ne nawa kowace rana ta tsayawa ke ci, kuma ko a nan ɗin da 1,200 za a buga, da kuma naira 10,000. Naira miliyan 12 ke nan a rana. In hayar janareto da bambancin kuɗin gas ba su kai haka ba, a ɗauko. Bayan wannan shawarar aikinta ya ƙare.

Hanya ta biyu ita ce a koma wa tarihin kamfanin kansa. A ɗauki abin da aka saba fitarwa a matsayin ma'auni, a cire abin da aka samu kowace rana tun daga ranar da matsala ta fara har ranar da aka koma daidai. A misalinmu, kwana 10 na duhu an rasa 800 kullum, jimla 8,000. Kwana 6 na farfaɗowa an rasa 400 kullum, jimla 2,400. An tashi da 10,400. Sai a cire abin da aka fanshe da aikin dare, wato rarar buhu 150 na kwana 20, buhu 3,000. Abin da ya rage 7,400.

Waɗannan kwanaki 6 na farfaɗowa su ne aka fi mantawa da su, kuma sau da yawa a nan asarar ta fi yawa. Masana'anta ba ƙwan fitila ba ce da za a danna ta kama. Sai tukunyar tururi ta ɗau zafi, sai an sake jiƙa sabuwar shanshera an jira ta, ma'aikatan da aka sallama kuwa lokacin kaka ne, wasu sun tafi gida yankan shinkafa da roron wake, masu kawo kaya daga Kura ko Haɗejiya sun karkata wajen wanda ke biya nan take. Abin da ya sami kamfanin Renesas a Japan ya nuna wannan ƙarara. Gobara ta tashi a masana'antarsa ta Naka ranar 19 ga Maris 2021, inda ake ƙera ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ake sa wa motoci. Wurin da ya ƙone bai wuce kashi 5 cikin 100 na ɗakin aikin ba. An sake kunna injina ranar 17 ga Afrilu, amma ba a koma yawan kayan da ake fitarwa kafin gobara ba sai 24 ga Yuni. Tsayawa ba ta cika wata guda ba, rarrafen komawa ya haura wata biyu. Wanda ya rufe littafinsa ranar 17 ga Afrilu ya bar babban kaso na asarar a waje.

Batun fansa kuma shi ne ke ja ta ɗaya ɓangaren. Ranar 1 ga Fabrairu 1997 gobara ta cinye masana'antar kamfanin Aisin da ke garin Kariya a Japan, wadda kusan ita kaɗai ke yi wa Toyota wani ƙaramin bawul na birki. Toyota ba ta ajiye kaya da yawa, abin da ke hannu na 'yan kwanaki ne, sai layukan haɗa motoci suka tsaya. Kamfanoni fiye da 60 suka taru suna ƙera bawul ɗin, har da Brother mai yin keken ɗinki, kuma cikin kusan mako guda aiki ya dawo. An ƙiyasta motocin da ba a haɗa ba sun kai 70,000, amma daga baya an fanshe mafi yawansu da aikin ƙarin lokaci da na ranakun hutu. Ga wanda ya ƙirga a tsakiyar Fabrairu, an rasa motoci 70,000. Ga wanda ya jira wasu watanni, akasarin abin jinkiri ne da kuɗin ƙarin lokaci.

Renesas ba ta da irin wannan damar. Masana'antar ƙwaƙwalen lantarki ba dare ba rana take aiki tun asali, babu wani daren da za a ƙara, ga shi gobarar ta faɗo a lokacin da duniya ke fama da ƙarancin kayan. To kai ma ka tambayi kanka: rarar buhu 150 ɗin nan, da wuta ba ta ɗauke ba da za ka yi ta? In da ma kasuwa na jira kuma kana da niyyar ƙara aikin dare a kakar, to wannan rarar ba fansa ba ce, cinikin da za ka yi ne ko ta yaya, kuma bai kamata a cire ta ba. In kuwa don cike giɓin diloli kawai aka yi ta, dole a cire. A wannan gaɓar ake yawan ja-in-ja tsakanin mai kamfani da mai tantance asara, kuma abin da ke raba gardama shi ne takarda: jadawalin aikin da aka tsara kafin matsalar, da yadda aka yi a kakar bara.

Raunin wannan hanya yana wurin zaɓen ma'auni, kuma a ƙasarmu raunin ba ƙarami ba ne. Abin da aka saba shi ne a kwatanta da watan da ya yi daidai a bara. Amma cinikin abinci da abin sha kalandar Musulunci yake bi. Azumin 2023 ya kama ranar 23 ga Maris, na 2024 ranar 11 ga Maris, na 2025 ranar 1 ga Maris. Mai shinkafa ko taliya ko ruwan leda da aikinsa ya tsaya a ƙarshen Fabrairun 2025, a jajibirin azumi ya tsaya, lokacin da ake sayen kayan rabo. In ya kwatanta da ƙarshen Fabrairun 2023 ya cuci kansa sau biyu: azumi da saura wajen wata guda a lokacin, ga kuma ƙarancin takardun naira da ya durƙusar da kasuwa a watannin. Haka wanda zai yi ma'auni da farkon Agustan 2024, lokacin da aka sa dokar hana fita a Kano saboda zanga-zanga. Irin waɗannan makonni cire su ake yi, a rubuta dalili a gefe. Sai dai a yi adalci: in ka cire makonnin da suka yi muni, ka cire wanda ya yi kyau fiye da kima saboda wata kwangilar da ba za ta maimaitu ba.

Sannan kada a yi ma'auni da naira. A Oktoban 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 33 cikin 100 a ƙididdigar hukuma. Kamfani zai iya rasa rubu'in kayansa amma kuɗin cinikinsa ya yi daidai da na bara, littafi ya nuna kamar ba abin da ya faru. A ƙirga da buhu ko tan ko katan, a gama, sannan a sa farashin makonnin da aka tsaya.

Hanya ta uku ba ta duba inji, kasuwa take dubawa. Tambayarta ita ce buhu nawa da an sayar amma ba a sayar ba. A kwana 36 na misalinmu da an sayar da 43,200. An sarrafa 35,800, aka haɗa da 4,000 na sito, aka sayar da 39,800. Cinikin da ya wuce buhu 3,400 ne kacal, ƙasa da rabin abin da hanya ta biyu ta bayar.

To wanne ne daidai, 7,400 ko 3,400? Ya danganta da abin da zai faru da siton. An share shi, kuma wata rana sai an mayar da buhu 4,000 ɗin nan. In akwai watannin da kasuwa ke sanyi, injin yana zaune, za a cike siton ba tare da an hana kowa kaya ba, asarar ta tsaya a 3,400. In kuwa duk buhun da ya fito akwai mota na jiransa a bakin get, to cike sito yana nufin hana wani dila, asarar ta koma 7,400, ta dai makara ne wajen bayyana. Wasu takardun inshora suna da sharaɗi na musamman a kan kayan da aka tara a sito saboda wannan dalilin, don kada tanadin da mutum ya yi ya zama sanadin rage masa diyya.

Wannan hanya ta fi kusa da aljihu, shi ya sa masu inshora suka gina lissafinsu a kanta. Tsarin da kamfanonin inshorar Najeriya suka gada daga Ingila yana tafiya ne kamar haka: a duba yadda ciniki ya ragu idan an kwatanta da na watannin da suka dace a shekarar da ta gabata, bayan an gyara shi da yanayin da kasuwancin ke ciki, a buga da kason ribar da ke cikin kowace naira ta ciniki bayan cire kuɗaɗen da ke tafiya da yawan kaya, a ƙara kuɗin da aka kashe don rage asarar, a cire abin da aka huta biya saboda tsayawar. Kuɗin rage asara ma yana da iyaka. Ba za ka kashe naira 15,000 don ceto buhun da ribarsa 10,000 ce ba ka ce a biya ka duka.

Mu mayar da misalin kuɗi. Buhu 7,400 sau naira 10,000, miliyan 74. Buhu 4,000 da aka yi da janareto, a ce kowanne ya ci ƙarin naira 3,000 a kan kuɗin wuta, miliyan 12. Aikin dare na buhu 3,000 a kan ƙarin naira 1,000, miliyan 3. Shansherar da ke cikin tankin jiƙo lokacin da wuta ta ɗauke ta yi tsami, a ce ta miliyan 5. Jimla miliyan 94. In da 3,400 aka yi, miliyan 54. Hanya ta farko ta ce biliyan 1 da miliyan 600, wato ninki 17 na babbar lambar cikin biyun.

Inda hanya ta uku ke tuntuɓe shi ne hujja. Yawancin cinikinmu a waya ake yinsa. Dila ya kira daga kasuwar Singa ko Dawanau ya ce a loda masa tirela, aka ce babu kaya, ya kashe waya ya kira wani. Babu takardar oda, babu wasiƙar sokewa. Kamfanin da ke sayar wa gwamnati ko manyan kantuna da kwangila a rubuce zai ji daɗin wannan hanyar. Wanda cinikinsa na amana da baki ne zai sha wahala, sai dai ya tattara tarihin kowane dila daga shigar kuɗi a banki da takardun fitar da kaya, ya nuna wane ya saba ɗaukar mota biyu a mako, ga makonnin da bai ɗauka ba. Kuma akwai asarar da ba ta fitowa cikin kwana 36: dilan da ya ɗanɗana shinkafar wani kamfani ya ga ta karɓu a wurin masu sayensa, bai dawo ba. Wannan sai an bi sawun ciniki wata uku ko shida.

Akwai hanya ta huɗu da masana tattalin arziki ke so: a nemo wata masana'anta irin taka da matsalar ba ta taɓa ba, a ga yadda ta yi a makonnin, a ce da haka za ka yi. Amfaninta shi ne tana ware abin da ya shafi kowa, kamar faɗuwar farashi ko tsadar shanshera, daga abin da ya shafe ka kai kaɗai. Ga kamfani mai rassa biyu, ɗaya a Kano ɗaya a wata jiha, tana iya aiki sosai. Amma a duhun Oktoba abin da ya ci Doma bai bar Awe ba, duk maƙwabtan da za ka kwatanta da su suna cikin duhun. Ko an samu wanda ya tsira, akwai tarko. A ambaliyar Tailan ta 2011 ruwa ya shanye masana'antun Western Digital masu yin faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, na Seagate kuwa ruwa bai shiga ba. Farashin faifan ya kusan ninkawa, faɗuwar wani ta zama tashin wani. Duk wanda ya auna na farko da na biyu ya ƙirga giɓin sau biyu, domin wani ɓangare na cinikin wanda ya tsira na wanda ya nutse ne.

Wannan darasin ya shafi ƙungiyoyin masu masana'antu da hukumomi idan za su faɗi asarar jiha ko yanki. Ba a tara lambobin kamfanoni haka kawai. Mai yin buhun leda ya ƙirga buhunan da bai sayar wa mai shinkafa ba, mai shinkafa ya ƙirga kuɗin buhun a cikin farashinsa, dila ya sake ƙirga shinkafar. Abu ɗaya ya shiga lissafi sau uku. A wannan matakin ƙimar da kowa ya ƙara wa kaya ake tarawa, ba kuɗin ciniki ba. Bankin Duniya, da ya ƙiyasta ɓarnar waccan ambaliyar a kan dala biliyan 46.5, ya raba ta gida biyu: dukiyar da ta lalace daban, abin da aka kasa samarwa daban. Ko a ƙaramin kamfani wannan rabon yana da amfani. Shansherar da ta yi tsami da motar injin da ta ƙone dukiya ce, buhu 7,400 kuwa aikin da ba a yi ba ne. A haɗa su a layi ɗaya, sai mai dubawa ya fara zargin komai.

Hanya ta ƙarshe ita ce ta wanda littafinsa bai cika ba, kuma su ne suka fi yawa. Shinkafa ba ta fita ba tare da barin sawu ba. Buhunan zubawa nawa aka saya, nawa suka rage? Shanshera tan nawa ta hau sikeli? Abin da ke fita daga cikinta ya kan kusanci kashi biyu cikin uku, sauran ɓuntu ne da dusa. Yunit nawa mitar KEDCO, kamfanin rarraba wuta na yankin Kano, ta ci a watannin baya, lita nawa na gas aka sha? Littafin mai gadi ma shaida ne, tunda yana rubuta kowace mota da ta fita. Ɗaya cikin waɗannan ba ya isa, amma in uku suka nuna wuri guda an samu ma'aunin da za a iya karewa. Ni ina ganin ko mai cikakken littafi ya kamata ya yi wannan a gefe. In littafi ya ce 1,200 a rana amma buhunan da aka saya ba su isa zuba 900 ba, gara ka gano da kanka kafin odita ya gano maka.

Ga yadda zan zaɓa in ni ne. In don kaina da abokan jarina ne, hanya ta biyu zan bi, da buhu, in haɗa da kwanakin farfaɗowa, in jira aƙalla wata guda kafin in rufe lissafi, sannan in mayar da shi kuɗi da ribar buhu. Ita ce ke faɗa min ko sayen babban janareto ko haɗa sola ko sake na'urar busarwa zai biya kansa. In banki zan je neman a ɗaga min lokacin biya, ta uku zan kai, amma mako-mako, domin su ba ruwansu da buhu, kuɗin da ya shigo da wanda zai shigo suke son gani, kuma lambar da aka yi wa gishiri takan sa su tsorata su ƙara matsa lamba. In gardama ce da wanda ya kawo injin da ya lalace ko wanda ya saɓa alƙawarin kawo kaya, a haɗa ta biyu da ta uku, a nemi akanta na waje ya sa hannu. In kuma ƙungiya ce ke tattara bayanai don kai koke, a ba kowa takarda iri ɗaya, a nemi buhu ko tan da kuɗin gas da yawan ma'aikatan da aka dakatar. In aka bar kowa ya kawo lambarsa ta naira, rabi hanya ta farko za su bi.

Ga inshora ko takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, kuwa zaɓin ba naka ba ne, takardar da ka sa wa hannu ta riga ta zaɓa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abubuwa uku zan duba tun yau. Galibin irin wannan inshora ba ta biyan asarar tsayawar aiki sai in wani abu ya lalace a harabarka ta hanyar haɗarin da aka rubuta, kamar gobara. Ɗaukewar wuta daga layin da ke wata jiha ba ya ciki sai in an sayi ƙarin sharaɗi a kansa. Na biyu, wa'adin diyya: in wata 12 ne, alhali na'urar busarwa daga Indiya ko Sin za a yi odarta, a nemi dala, ta hau jirgin ruwa, ta fita daga tashar Legas, a kafa ta, sannan a fara kwanakin rarrafe, wa'adin zai iya ƙarewa kafin ciniki ya dawo. Na uku, adadin ribar da ka bayyana. In ka rubuta lambar shekara biyu da suka wuce farashi kuma ya ninka tun lokacin, za a ɗauka rabin ribarka ka yi wa inshora, kuma a kan miliyan 94 ɗin nan abin da za a biya ka ba zai yi nisa da rabi ba.